Jagorar lissafin hamonik na ƙwallo a kwamfuta: daga zaɓen manhaja zuwa awon gudunta

Duk abin da ake aunawa a faɗin duniya baki ɗaya, ko ƙarfin jan ƙasa ne, ko maganaɗisun duniya, ko zafin iska, ko yawan ruwan da ƙasa ta riƙe, ana ajiye shi ta hanya biyu. Ko dai a matsayin taswira, kowane wuri da adadinsa, ko kuma a matsayin jerin lambobi da ke faɗin kason da kowace irin igiya ta bayar wajen gina taswirar. Igiyoyin su ne sferikal hamonik, wato hamonik na ƙwallo. Laplace ya yi aiki da su tun 1782, Gauss kuma ya auna maganaɗisun duniya da su a ƙarshen shekarun 1830. Tashi daga taswira zuwa lambobin kaso shi ne warwarewa, dawowa daga lambobin zuwa taswira shi ne harhaɗawa. Waɗannan biyun, da kowannensu za mu riƙa kira juyi, su ne aikin manhajojin da za mu yi magana a kansu.

Ɗalibin fiziks ko lissafi ko ilimin ƙasa a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko ta kimiyya da fasaha da ke Aliero, ko ta Gusau, yakan fara da tambayar wace manhaja ta fi gudu. A ganina wannan tambaya a ƙarshe take. Manhajojin nan sun yi gudun da kwamfutar cinya ta isa mafi yawan aikin digiri na biyu. Inda aiki ke lalacewa shi ne zaɓen mataki (iyakar ƙanƙantar igiya), da raga (wuraren da taswira ke da adadi a kansu), da ma'auni (mudun da ake auna lambobin kaso da shi), kuma manhaja ba za ta ce maka ka yi kuskure ba. Taswira za ta fito maka da launi mai kyau, alhali adadin cikinta ba daidai ba ne.

Da farko: yanke iyakar matakinka

Kowace igiya tana da lamba biyu, mataki l da jeri m, kuma m ba ya wuce l. Mataki 0 shi ne matsakaicin duniya duka. Mataki 1 ya raba ta gida biyu. Haka ake ta ƙanƙancewa. Inda ka tsaya shi ake rubutawa lmax, kuma yawan lambobin kasonka zai zama lmax+1 sau lmax+1.

Lissafin da ya kamata ka haddace: raba kilomita 20,000 da lmax, abin da ya fito shi ne kusan mafi ƙanƙantar abin da taswirarka za ta iya bambancewa. Samfurin maganaɗisu na IGRF ya tsaya a mataki 13, wato kusan kilomita 1,500. Saboda haka wanda yake son ganin alamar ma'adinai a yankin Anka ko Maru da IGRF ya ɓata lokacinsa. Amfaninsa a irin wannan aiki shi ne a cire shi daga awon da aka yi a fili, a ga abin da ya rage. Bayanan wata-wata na taurarin ɗan'adam na GRACE, masu auna canjin jan ƙasa don gano inda ruwa ya taru, waɗanda suka yi aiki daga 2002 zuwa 2017 kafin GRACE-FO ta gaje su a 2018, galibi suna zuwa a mataki 60 ko 96. Mataki 60 kusan kilomita 330 ke nan, alhali tsakanin Birnin Kebbi da Gusau a miƙe bai wuce kusan kilomita 270 ba. Za ka iya magana a kan ruwan da yankin Rima baki ɗaya ya tara bayan damina, amma ba za ka ce ga na fadamar Argungu ba. EGM96 na jan ƙasa ya kai 360, kusan kilomita 55, dab da nisan Birnin Kebbi zuwa Argungu. EGM2008 ya kai 2159, wato kusan kilomita 9.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan: bayananka na duniya ne duka, ko na jiha ɗaya? Faɗin Jihar Kebbi bai kai kashi 1 cikin 10,000 na doron duniya ba. Idan awon da ke hannunka na Kebbi ko Zamfara ne kaɗai, ka cika sauran duniya da sifili ka warware, to bakin iyakar nan inda adadi ya faɗo kwatsam zai haifar da igiyoyin ƙarya da za su bazu cikin sakamakonka. Irin wannan aiki na FFT ne, wato hanyar kwamfuta mai sauri ta warware jerin adadi zuwa igiyoyi, a kan shimfiɗaɗɗen fili, ko kuma na fankshan ɗin Slepian, waɗanda aka gina don yanki ɗaya na ƙwallo. Manhajar pyshtools tana da su.

Abin da kwamfuta ke yi a ciki

Sai ka san wannan kafin ka gane dalilin da wata manhaja ta fi wata. Juyin kashi biyu ne. A kan kowane layin latitud, daga gabas zuwa yamma, ana yin FFT, kuma wannan ba shi da tsada. Sannan daga arewa zuwa kudu ana yin juyin Legendre, kuma nan ne lokaci ke tafiya, domin aikinsa yana ƙaruwa da lmax sau lmax sau lmax. Ka ninka lmax sau 2, lokaci ya ninku kusan sau 8. Daga 255 zuwa 2047 kuwa, kusan sau 500.

Tsohuwar dabara ita ce a lissafa ƙimomin Legendre, wato adadin da kowace igiya ke da shi a kan kowane layin latitud, sau ɗaya a ajiye a tebur. Yi lissafin da kanka. A lmax 1023 akwai tagwayen l da m guda 524,800. Layukan latitud 1024 ne, amma da yake arewa da kudu madubin juna ne, 512 sun isa. Kowace lamba bayit 8. Jimla ta haura gigabayit 2. A 2047 ta haura gigabayit 17, ta fi ƙarfin RAM ɗin kwamfutocin da yawancinmu ke riƙe da su. Taswirar kanta a lmax 1023 ba ta kai megabayit 17 ba.

Manhajojin zamani sun bar teburin. Suna lissafa ƙimomin nan take, kowace daga biyun da suka gabace ta, su yi amfani da ita su yar. Abin mamaki, haka ya fi sauri, saboda furosesa ta yau ta fi saurin yin lissafi a kan jiran a ɗauko mata lamba daga RAM. Suna kuma tura layukan latitud da yawa a umarni ɗaya ta hanyar AVX (umarnan furosesa masu lissafa lambobi da yawa lokaci guda), su raba jerin m ga zukatan furosesa, wato sassanta masu aiki kowane da kansa, su kuma tsallake wuraren da ke dab da ƙuryar arewa da ta kudu inda ƙimar manyan m ta yi ƙanƙantar da ba ta da tasiri.

Zaɓen manhaja

SHTns ta Nathanaël Schaeffer ce, mai bincike a Grenoble ta Faransa, wanda ya wallafa bayaninta a 2013. Da harshen C aka rubuta ta, tana dogara da FFTW (manhajar da ke yin FFT), tana aiki da OpenMP (mai raba aiki ga zukatan furosesa) da kuma katin GPU na Nvidia, wato katin hoto da ake sa wa lissafi. An gina ta ne don kwaikwayon da ke maimaita juyi sau dubbai, irin na motsin narkakken ƙarfen cikin duniya ko na iska. Tana kuma juya abu mai alkibla, kamar iska mai gudu da inda ta dosa.

Martin Reinecke na cibiyar Max Planck da ke Garching a Jamus, shi da Dag Sverre Seljebotn, sun fitar da libsharp a 2013 don masu nazarin sararin samaniya. Magajiyarta ita ce ducc0, wadda ke karɓar raga iri-iri. Sai healpy, ƙofar Python ta tsarin HEALPix, wanda ke raba ƙwallo gida-gida masu faɗi ɗaya, adadinsu 12 sau nside sau nside. Taswirorin tauraron Planck, wanda ya yi awon sararin samaniya, masu nside 2048 gidajensu 50,331,648 ne. SPHEREPACK ta cibiyar NCAR a Amurka tsohuwa ce ta Fortran, za ka ci karo da ita a tsofaffin manhajojin yanayi. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, ta saki tata mai suna ecTrans, amma wannan ta manyan injuna ce.

Shawarata ga mai farawa ita ce pyshtools, ta Mark Wieczorek da Matthias Meschede. Ita ta fi sauƙin karantawa, ta san fayilolin jan ƙasa da na maganaɗisu, kuma sababbin fitowarta suna miƙa nauyin lissafin ga ducc0 idan an girka ta, don haka ba ka yi asarar gudu sosai ba. Ka koma SHTns ranar da aikinka ya zama kwaikwayo mai dogon maimaici. Ka ɗauki healpy idan bayananka sun zo a tsarin HEALPix, ba don wani dalili ba.

Girkawa

A kan Ubuntu, ko WSL, mai gudanar da Linux cikin Windows, idan Windows gare ka:

```
sudo apt install build-essential python3-dev python3-venv libfftw3-dev
python3 -m venv aiki
source aiki/bin/activate
pip install numpy pyshtools ducc0 shtns
```

SHTns a kan injinka ake gina ta, shi ya sa take buƙatar kwamfaila da FFTW. Kada ka kwafo wadda aka gina a kwamfutar abokinka, domin idan furosesarsa ta san umarnin da taka ba ta sani ba, shirin zai mutu da zarar ka kira shi. healpy ba ta girkuwa kai tsaye a Windows, sai ta WSL. Idan data na yi muku wuya, mutum ɗaya ya yi `pip download` ya zuba a filashi, sauran su girka daga nan, muddin fitowar Python ɗinku ɗaya ce.

Raga

Raga ita ce jerin wuraren da taswira ke da adadi a kansu. Mafi tsimi ita ce ta Gauss-Legendre: layukan latitud lmax+1, da wurare aƙalla 2lmax+1 a kan kowane layi. Tazarar layukanta ba daidai take cif ba, amma warwarewa a kanta ba ta da kuskure sai na ƙarshen lambobin kwamfuta. Ragar Driscoll da Healy ta 1994 tazararta ɗaya ce, sai dai tana cin ninki biyu na layukan.

Idan kai ne ke ƙirƙirar bayanan, ɗauki Gauss-Legendre ka huta. Matsala tana tasowa idan bayanan sun zo da ragarsu. Buɗe fayil ɗin ka dubi latitud na farko da na ƙarshe da idonka. Idan ya fara a 90 ya ƙare a -90, kamar bayanan yanayi na ERA5 masu layuka 721 da ginshiƙai 1440, wannan ragar Clenshaw-Curtis ce, ducc0 tana kiranta CC. Idan ya fara a 89.5 ya ƙare a -89.5, wato adadin a tsakiyar gida yake, wannan F1 ce. Ta Driscoll da Healy tana da ƙuryar arewa amma ba ta da ta kudu. Mutum zai ga layuka 180 da ginshiƙai 360 ya miƙa wa pyshtools, ta karɓa ba musu, ta ɗauka nata tsarin ne, duk taswirar ta goce da rabin digiri, kusan kilomita 55. Haka kuma duba ko daga arewa aka faro ko daga kudu, da ko longitud daga 0 zuwa 360 yake ko daga -180 zuwa 180.

HEALPix kuwa ba ta da warwarewa marar kuskure. Umarnin `map2alm` yana maimaita gyara sau 3 idan ba ka ce komai ba, kuma yana kai lmax har 3nside-1, amma manyan matakan can sama ba abin dogaro ba ne. Tsaya a kusan ninki biyu na nside.

Gwajin je-ka-dawo

Kafin ka taɓa bayanan gaske, ƙirƙiri lambobin kaso na kacici-kacici, harhaɗa su, warware, ka kwatanta:

```
import numpy as np
import pyshtools as pysh

lmax = 255
kaso = pysh.SHCoeffs.from_random(np.ones(lmax + 1), seed=1)
taswira = kaso.expand(grid='GLQ')
dawowa = taswira.expand()
print(np.abs(kaso.coeffs - dawowa.coeffs).max())
```

Da SHTns kuma:

```
import shtns

sh = shtns.sht(lmax, lmax)
nlat, nphi = sh.set_grid()
kaso = np.random.randn(sh.nlm) + 1j * np.random.randn(sh.nlm)
kaso[sh.m == 0] = kaso[sh.m == 0].real
taswira = sh.synth(kaso)
print(np.abs(sh.analys(taswira) - kaso).max())
```

Layin da ke gyara m = 0 wajibi ne, domin a taswira ta ainihin lambobi waɗannan kason ba su da ɓangaren i, wato ɓangaren da aka ninka da tushen -1 (1j a Python). Idan ka manta da shi za ka ga babban bambanci ka zargi manhaja a banza. Amsar da ta kai 1e-10 ko ƙasa da haka lafiya lau ce. Idan ka ga 1e-3, raga ta yi kaɗan ko an ba ta tsarin da ba nata ba.

Sai dai ka lura, da lambobin kaso ake fara wannan gwaji, ba da taswira ba. Taswirar gaske tana ɗauke da ƙananan abubuwan da suka wuce lmax, don haka ba za ta dawo yadda ta tafi ba, kuma wannan ba laifi ba ne.

Ma'auni

Nan zan daɗe, don nan ne aka fi faɗawa. Gwajin je-ka-dawo ba ya kama kuskuren ma'auni, saboda da mudun da ka auna da shi ka sake aunawa. Sai ranar da ka sayi hatsi da mudun wata kasuwa ka zo sayarwa da na wata sannan bambanci ke fitowa, wato ranar da ka ɗauko lambobi daga fayil ɗin wasu ka zuba a manhajarka.

Ma'aunai uku ne ke yawo. Masu awon jan ƙasa suna amfani da na 4π, shi ne na EGM2008 da GRACE, kuma shi pyshtools ke ɗauka idan ba ka faɗa ba. Masu maganaɗisu suna amfani da na Schmidt, shi ne na IGRF. Masu fiziks da sararin samaniya suna amfani da otonomal, shi ne na healpy da kuma SHTns idan ba ka canja ba. Tsakanin 4π da Schmidt akwai tushen 2l+1, wanda ke ƙaruwa da mataki, don haka kuskuren ba ninki ɗaya ba ne da za ka gyara a ƙarshe: siffar taswirar ce ke canjawa. Bayan wannan akwai alamar Condon-Shortley, wadda ke juya alamar duk m marar ma'aurata. SHTns da healpy suna sa ta, pyshtools ba ta sa ta sai ka nema. Sannan tsakanin masu ajiye kaso a tagwayen cos da sin da masu ajiye shi a lamba mai ɓangaren i akwai tushen 2 ga duk m da ya wuce sifili.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Mai da duk lambobin sifili, ka sa 1 a l = 1, m = 0, ka harhaɗa, ka dubi adadin da ke ƙuryar arewa. Idan 1.732 ne, 4π ke nan. Idan 1 ne, Schmidt. Idan 0.4886 ne, otonomal. A ragar Gauss-Legendre layin farko bai kai ƙuryar cif ba, don haka adadin zai ɗan gaza kaɗan. Sai ka sa 1 a l = 1, m = 1, ka dubi inda ikwaita ta haɗu da longitud 0. Idan adadin ya fito da alamar ragi, akwai Condon-Shortley. Minti biyu ne aikin, kuma duk manhajar da ka taɓa a karon farko ka yi mata shi.

Don SHTns ta bi hanyar masu jan ƙasa, ba ta `norm=shtns.sht_fourpi | shtns.SHT_NO_CS_PHASE | shtns.SHT_REAL_NORM`. A pyshtools kuma umarnin `convert` yana sauya ma'auni da alama gaba ɗaya.

Bayanan gaske

Cibiyar ICGEM da ke Potsdam tana ajiye samfuran jan ƙasa a fayiloli masu ƙarshen gfc, pyshtools kuma tana karanta su. EGM2008 lambobinsa sun haura miliyan 4, fayil ne mai nauyi, saboda haka sauke shi sau ɗaya ka adana, ka riƙa karanta shi zuwa matakin da kake buƙata kawai.

Idan adadin wuri ɗaya kake so, ba sai ka gina taswirar duniya ba. Birnin Kebbi tana kusan latitud 12.45 arewa, longitud 4.2 gabas, don haka `kaso.expand(lat=12.45, lon=4.2)` ya wadatar a pyshtools. SHTns da healpy kuwa daga ƙuryar arewa suke ƙirga kusurwa, Birnin Kebbi ta zama 77.55, kuma yawanci a radiyan. Wanda ya ba su 12.45 ya aika kansa can kusa da ƙanƙarar arewa.

Masu aiki da GRACE su sani cewa ɗanyen kason yana fitar da zane-zane masu tafiya arewa zuwa kudu, waɗanda ba ruwa ba ne, kuskuren awo ne. Ana lallashe su da tacewar Gauss ta kusan kilomita 300, ana kuma musanya kason C20, wato na l = 2, m = 0, da wanda aka samo daga awon lesa na wasu taurarin. Tacewar tana rage ƙarfin alamar gaske ma, dole ka ambaci hakan a rubutunka.

A manyan matakai akwai wani tarko. Ƙimomin Legendre na manyan m suna ƙanƙancewa har su fi ƙarfin abin da lambar bayit 8 ke iya riƙewa, su zama sifili, lissafin da aka ɗora a kansu ya rushe. Manhajojin nan suna da dabarar kauce wa haka. Ta Fortran ɗin SHTOOLS tana riƙe daidaito har kusan mataki 2800, SHTns da ducc0 sun wuce nan da nisa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da ba zan ba ka shawarar rubuta naka juyin don aikin gaske ba. Don koyo dai, rubuta, har mataki 50 ko 100, za ka ƙaru.

Yanzu sai gudu

Shirya `shtns.sht` da `set_grid` sau ɗaya a wajen madauki. Shirin yana cin lokaci, kuma wanda ya sa shi cikin madauki shirin yake aunawa, ba juyin ba.

```
import time
t = time.perf_counter()
for _ in range(20):
    sh.synth(kaso)
print((time.perf_counter() - t) / 20)
```

Gwada a lmax 127, 255, 511 da 1023. A manyan matakan ya kamata ka ga lokaci yana kusantar ninki 8 a kowane tsalle. Sannan canja yawan zukata da `OMP_NUM_THREADS`, daga 1 zuwa 2 zuwa 4. A ƙaramin lmax ƙarin zukata ba ya ƙara komai, wani lokaci ma ragewa yake yi, don rabon aikin ya fi aikin tsada. Kada ka wuce yawan zukatan gaske na furosesarka. Yawan wuraren da ke kan layi kuma ya zama lambar da ke rabuwa da 2 da 3 da 5 kaɗai, kamar 512 ko 720, domin FFT ta fi sauri a kansu.

Yanayinmu yana shiga awon nan. Kwamfutar cinya a kan batir tana rage gudun furosesa da kanta, haka ma idan ta yi zafi. Awon da ka yi da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, ba zai yi daidai da na asubar hunturu ba. Idan kwatanta manhaja biyu kake yi, yi su a zama ɗaya, caja a jone, ka riƙa musanya wadda ke farawa.

Mai kwaikwayo da ke ninka taswira biyu, kamar gudun iska da zafinta, ya ƙara raga. Ninkin yana haifar da matakai har 2lmax, kuma idan raga ta yi kaɗan sai su ɓad da kama su shigo cikin ƙananan matakai. Ƙa'idar ita ce wurare aƙalla 3lmax+1 a kan layi, layukan latitud kuma rabin wannan adadi. A SHTns `nl_order=2` cikin `set_grid` yana zaɓa maka girman.

GPU tana biya ne idan lmax babba ne kuma taswirorin suna zaune a cikin katin daga juyi zuwa juyi. Idan kowane juyi sai an kai an dawo da bayanai tsakanin katin da RAM, jigilar za ta cinye ribar.

Dogon lissafi kuma ya riƙa ajiye inda ya kai, saboda ɗaukewar wuta. Ajiye lambobin kaso da `np.save` maimakon taswira, girmansu kusan rabi ne. A gefen kowane fayil rubuta lmax, da irin ragar, da ma'aunin, da ko akwai alamar Condon-Shortley, sannan ka zuba abin da `pip freeze` ya fitar a fayil ɗaya cikin jakar aikin.